Masaukan Fatalwa na Birtaniya: Me Ake Sayarwa, Me Tarihi Ya Tabbatar?

Duk wanda ya zaga tsofaffin garuruwan Birtaniya zai ga wani abu da ba mu saba da shi ba. Mai masauki ko mai mashaya zai kafa allo a bakin ƙofa yana shelar cewa akwai fatalwa a gidansa, har a riƙa jayayya tsakanin gidaje a kan wanda ya fi yawan su. A wurinmu, da zarar an ce ana jin motsi a wani gida da dare, kuɗin hayarsa ya karye ke nan, mai shi kuwa zai yi ta ƙoƙarin binne maganar. A can, ɗakin da aka ce an fi ganin abu a cikinsa shi baƙi ke rububin kamawa, wasu ma tun daga Amurka da Ostireliya suke tasowa domin su kwana a ciki.

Lamarin ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin ya tara abubuwa da yawa wuri guda: tarihin hanyoyi da sufuri, ƙarfin adabi, yadda jikin ɗan Adam ke aiki a cikin duhu, abin da mutane suka yi imani da shi game da matattu, da kuma fafutukar neman abinci a sana'ar da ke durƙushewa. Matsayina shi ne, waɗannan gine-gine suna ɗauke da tarihi na gaskiya wanda ya fi labarin fatalwa nauyi da ban tausayi. Mai ziyarar da tsoro kaɗai ya je nema ya bar tsaba ya kwashi ƙaiƙayi.

Yadda masaukan suka samo asali

Kafin zuwan jirgin ƙasa, karusar dawaki ce ke haɗa biranen Birtaniya. Dawaki ba sa iya jan karusa mai nauyi da sauri fiye da mil 10 zuwa 15 ba su jigata ba. Saboda haka a kowane taƙi irin wannan sai an sami gida mai barga, inda za a kwance waɗanda suka gaji a ɗaura wasu, matafiya su ci abinci, wanda dare ya yi masa ya kwana. A tsakiyar ƙarni na 18, tafiya daga Landan zuwa Edinburgh kan ci kwana 10 ko fiye. Da aka gyara hanyoyi, aka kuma fara karusar gidan waya a 1784 tsakanin Bristol da Landan, sai tafiyar ta yi ta raguwa har ta koma ƙasa da kwana biyu a shekarun 1830. Duk wannan sauri a kan masaukai ya dogara. Wanda ya san tarihin zangunan da fatake ke sauke kaya a hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ya riga ya fahimci matsayinsu: wurin hutawa, wurin ciniki, wurin jin labarin abin da ke gaba a hanya.

Aikin masauki bai tsaya kan matafiya ba. A ƙauyuka da dama shi ne gini mafi girma bayan coci. A can ake gwanjon gonaki, a can ƙananan alƙalai kan zauna shari'a, a can kuma jami'in binciken musabbabin mutuwa kan tara masu taimaka masa idan an tsinci gawa. Tunda mafi yawan ƙauyuka ba su da mutuware, gawar wanda ruwa ya ci, ko wanda karusa ta take, ko baƙon da aka samu a bakin hanya, sai a ajiye ta a barga ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har a kammala bincike. An ci gaba da haka tsawon ƙarni na 19, sai a farkon ƙarni na 20 doka ta taƙaita abin. Idan mai gida ya ce an taɓa kwantar da gawa a inda baƙi ke cin abinci yau, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Gidan da ya shekara 300 yana karɓar marasa lafiya da mashaya da masu gudun hukuma, babu makawa an mutu a cikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester, kuma cikin shekara 20 kasuwar karusa ta kusa ƙarewa a manyan hanyoyi. Masaukai da yawa suka rufe, wasu suka koma gidajen gona, wasu suka rage a matsayin ƙananan mashayu na ƙauye, ga ɗakuna birjik babu mai kwana. A Landan, George Inn da ke unguwar Southwark, wanda aka sake ginawa a 1677 bayan gobara, shi kaɗai ya rage cikin masaukan karusa masu baranda a bene. Babban gini da jama'arsa ta watse kuwa, a nan labarin fatalwa ya fi saurin kafuwa.

Abin da ke bango da abin da ke takarda

Abu na farko da zai tari mai ziyara shi ne shekarar da aka rubuta a bango. A Nottingham akwai mashayar Ye Olde Trip to Jerusalem, wadda aka jingina da dutsen da tsohuwar fadar garin ke kai, ɗakunanta na ciki kogwanni ne da aka sassaƙa a jikin dutsen. An rubuta 1189 ɓaro-ɓaro a bangonta, wato shekarar da Sarki Richard na ɗaya ya hau gadon sarauta ya shiga shirin yaƙin Kudus, birnin da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓe a 1187. Ana cewa a nan mayaƙan suka riƙa yada zango. Amma ginin da ke tsaye na ƙarni na 17 ne, takardun da suka fara ambaton mashayar kuma na tsakiyar ƙarni na 18 ne, da wani suna daban. A ciki akwai ɗan samfurin jirgin ruwa da ƙura ta lulluɓe, an killace shi cikin gilashi, domin ana cewa waɗanda suka taɓa goge shi ba su daɗe ba suka mutu.

A Wales, kusa da garin Abergavenny, masaukin Skirrid Inn na iƙirarin ya samo asali tun wajen 1110. Ana nuna wa baƙi wani gungumen katako a saman matakala da aka ce an rataye mutum kusan 180 a jikinsa, har da zanen da aka ce igiya ce ta bari. Ana danganta labarin da Alƙali Jeffreys, wanda ya yi ƙaurin suna wajen yanke hukuncin kisa bayan tawayen 1685. Sai dai masana gine-gine sun ce ginin na ƙarni na 17 ne, Jeffreys kuma a kudu maso yammacin Ingila ya yi waɗancan shari'o'i, a garuruwa irin su Dorchester da Taunton. Babu takardar kotun da aka fito da ita mai nuna an rataye wani a wannan matakala.

Wannan ba ya nufin duk tsufan ƙage ne. Mermaid Inn da ke garin Rye a kudancin Ingila gini ne na ƙarni na 15, ɗakunansa na ƙarƙashin ƙasa ma sun girme shi. Skirrid kansa ya haura shekara 300. Tsufan gaskiya ya ishi kowa mamaki ba sai an ƙara masa ƙarnoni ba.

Alƙalami ya fi kowa haifar da fatalwa

Idan aka bi diddigin shahararrun labaran, sau da yawa a kan teburin marubuci ake tsayawa. Misali mafi bayyana shi ne Jamaica Inn. An gina shi a 1750 a tsakiyar Bodmin Moor, wani faffaɗan tudu mai fadamu da yawan hazo a yankin Cornwall, kan hanyar da ta haɗa Launceston da Bodmin. A 1778 aka ƙara masa barga da wurin ajiye karusa. A ƙarshen 1930 wata matashiyar marubuciya, Daphne du Maurier, ta fita kilisa da ƙawarta, hazo ya rufe su suka ɓata, da ƙyar suka koma masaukin. A wancan zamani ma gidan ba ya sayar da giya. Wannan ziyara ce ta haifar da littafin da ta laƙaba wa sunan masaukin, wanda ya fito a 1936, Alfred Hitchcock kuma ya mayar da shi fim a 1939.

Azzalumin mai masaukin da ke cikin littafin, da gungun da ke yaudarar jiragen ruwa su afka kan duwatsu a kashe na ciki a kwashe kaya, duk ƙirƙirarta ce. Masu binciken tarihin Cornwall sun nuna cewa kwasar kayan jirgin da ya riga ya fashe ta zama ruwan dare a gaɓar tekun, amma shaidar jawo jirgi da fitilar yaudara ta yi ƙaranci ƙwarai. Duk da haka littafin ya sauya ƙaddarar gidan. Yau yana da gidan tarihin fasa-ƙwauri, da sashen tunawa da marubuciyar, da kantin tsaraba, da darare na musamman na farautar fatalwa. Ana ba da labarin wani baƙo da aka kira waje ya bar moɗarsa da saura, washegari aka tsinci gawarsa a fili, ana kuma cewa akan ji ƙarar kofato a tsakar gidan alhali babu doki.

Haka lamarin yake a Ostrich Inn da ke Colnbrook, kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Ana cewa wani mai masauki da ake kira Jarman ya kashe baƙi 60 ta hanyar gado mai tarko, wanda ke kifar da mai barci cikin tafasasshen ruwa a ƙasa. Wannan labari yana cikin wani ƙagaggen littafi na Thomas Deloney da ya fito wajen shekarar 1600.

Sai kuma Dick Turpin, wanda mashayu da dama a Ingila ke cewa fatalwarsa na leƙo su, ciki har da Spaniards Inn da ke Hampstead a Landan. Turpin mutum ne na gaske. An haife shi a 1705 a yankin Essex, aka rataye shi a York a 1739 saboda satar dawaki. Amma jarumin da ake sayar wa baƙi, mai baƙar goɗiya da ta yi gudun mil 200 daga Landan zuwa York a dare guda, marubuci Harrison Ainsworth ne ya ƙera shi a littafinsa na 1834. Turpin na cikin takardun hukuma ɗan gungun masu fasa gidaje ne, waɗanda a 1735 suka azabtar da wani manomi ɗan shekara 70 don ya nuna inda kuɗinsa suke, ɗaya daga cikinsu kuma ya yi wa 'yar aikin gidan fyaɗe. Labarin fatalwa ya wanke azzalumi ya manta da waɗanda aka zalunta, kuma wannan shi ne babban aibinsa.

Jinin da aka zubar da gaske

A ƙarni na 18 harajin da gwamnati ta ɗora wa ganyen shayi da barasa da taba ya yi tsananin da ya mayar da fasa-ƙwauri sana'ar garuruwa sukutum a gaɓar tekun kudu. Harajin shayi ya kai kashi 119 cikin 100 kafin Firayim Minista William Pitt ya sauke shi zuwa kashi 12.5 a 1784, abin da ya karya kasuwar fasa-ƙwaurin shayi nan take. Kafin nan, masaukai ne ma'ajiyar kaya da wurin haɗuwar 'yan sana'ar. A yankunan bakin teku ana yawan faɗa cewa su da kansu suke yaɗa labarin fatalwa, domin mai tsoron leƙa taga da dare ba zai ga ayarin dawaki ɗauke da kaya ba, balle ya ba da shaida.

Gungun Hawkhurst, wanda ake cewa 'ya'yansa kan zauna a Mermaid Inn da bindigogi a kan tebur, shi ya fi kowa ta'asa. A 1747 suka fasa ofishin kwastan na garin Poole suka kwashe shayin da aka ƙwace musu. Wani badukun takalma mai suna Daniel Chater ya gane ɗaya daga cikinsu. A watan Fabrairun 1748 wani dattijon jami'in kwastan, William Galley, ya ɗauko shi domin ya kai shi gaban alƙali ya ba da shaida. Suka tsaya hutawa a wani masauki a Rowlands Castle, mai masaukin ta aika aka kira 'yan fasa-ƙwaurin. Aka ɗaure Galley da Chater a kan doki aka yi ta dukansu da bulala tsawon hanya. Aka binne Galley a rami, Chater kuma aka jefa shi rijiya aka bi shi da duwatsu. A watan Janairun 1749 kotu a Chichester ta yanke wa mutum bakwai hukuncin kisa.

Wannan labari yana da sunaye, yana da wata da shekara, yana da shari'a. Ya nuna abin da mugun haraji da raunin hukuma ke jawowa, da irin kuɗin da mai faɗin gaskiya kan biya. Amma baƙin da ke cika masaukan fatalwa sun fi sanin mace mai fararen kaya da ake cewa tana ratsa bango fiye da waɗannan mutum biyu.

Me baƙo ke ji da dare?

Kuskure ne a ce duk wanda ya ce ya ji ko ya ga wani abu maƙaryaci ne. Da yawansu da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma masana sun daɗe suna binciken dalili.

Na farko shi ne abin da aka gaya wa mutum kafin ya shiga. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Rense Lange da James Houran, sun zagaya da mutum 22 cikin wani tsohon gidan wasan kwaikwayo. Rabinsu an ce musu akwai fatalwa, sauran an ce gyara ake yi wa ginin. Waɗanda aka ambata wa fatalwa su suka fi ba da rahoton jin baƙon abu. Wanda ya biya kuɗi, ya yi doguwar tafiya, ya karanta allon bakin ƙofa, kunnensa ya riga ya shirya.

Na biyu shi ne ginin kansa. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya gudanar da gwaji da ɗaruruwan mutane a fadar Hampton Court da kuma ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge a Edinburgh, aka wallafa sakamakon a 2003. Ya gano cewa rahotannin sun taru a wasu wurare takamaimai, har a bakin waɗanda ba su san tarihin wurin ba, kuma hakan na da alaƙa da abubuwa irin su yanayin haske da girman ɗaki. Tsohon gidan katako kuwa ba ya yin shiru. Da dare katako na sanyi ya motsa, bututun ruwan zafi na ƙara, iska na shigowa ta bututun hayaƙi, ƙofar da gininta ya karkace na buɗe kanta. Wani injiniya, Vic Tandy, ya rubuta a 1998 cewa wata fanka mai fitar da girgiza sau 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke iya ji, ita ta sa shi jin firgici da ganin inuwa a wurin aikinsa. Gwajin da Chris French na jami'ar Goldsmiths ya jagoranta daga baya ya nuna cewa saurin ɗaukar zuga a wurin mutum ya fi irin wannan girgiza tasiri.

Na uku shi ne barci. Wani bincike da aka yi a jami'ar Brown ta Amurka a 2016 ya nuna cewa a daren farko a baƙon wuri, ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa sosai, yana nan yana sauraron motsi. Ga kuma dannau, wanda kowane Bahaushe ya sani: mutum ya farka jikinsa bai saki ba, ya kasa motsi, ya ji nauyi a ƙirji, wani lokaci ya ga kamar wani na tsaye a kansa. Gajiyar tafiya da rikicewar lokacin barci na ƙara jawo shi, matafiyi kuwa yana tare da duka biyun.

Na huɗu ya fi hatsari. A 1921 wata mujallar likitocin ido a Amurka ta buga labarin wani iyali da suka riƙa jin taku da ganin mutane a gidan da suka tare, ga ciwon kai da kasala. Da aka bincika sai aka tarar murhun ɗumama gidan ne ke fitar da iskar kabon monoksayid, mai guba, marar launi, marar wari. Ita ce iskar da janareta da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, kuma tana kisa. Wanda ya ji haka a ɗakinsa, taga ya kamata ya fara buɗewa.

Imani da kasuwa

Abin lura shi ne, cocin Ingila bai koyar da cewa matattu na yawo a masaukai ba. A zamanin Katolika mutane sun ɗauka ran mamaci na iya bayyana daga wurin tsarkakewa yana roƙon addu'a. Da aka yi juyin addini a ƙarni na 16, Furotesta suka yi watsi da wannan aƙida, malamansu suka ce abin da ake gani ko ruɗi ne ko aikin shaiɗan. Labaran ba su mutu ba, sai suka bar mimbari suka koma bakin murhu. A zamanin Sarauniya Victoria labarin fatalwa ya zama abin hirar Kirsimeti, aka kafa Ghost Club a 1862 da ƙungiyar binciken al'amuran ruhi a 1882. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, iyalan da suka rasa 'ya'yansu suka yi ta tururuwa wurin masu cewa suna magana da matattu. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kiristoci ne, kashi 37 suka ce ba su da addini. A ganina, barin coci bai kawar da tambayar abin da ke bayan mutuwa ba, kuma masaukin fatalwa na cikin wuraren da ake zuwa a taɓa wannan tambaya cikin raha.

Talabijin ya ƙara wa abin wuta. Shirin Most Haunted, wanda aka fara a 2002, ya zaga gidaje irin waɗannan da kyamarar ganin dare da masu iƙirarin jin ruhohi. A 2005 hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai ta bayyana cewa shirin nishaɗi ne, kada a ɗauke shi bincike. Wannan bai rage masu zuwa ba.

Dole kuma a yi wa masu gidajen adalci. A shekarar 2000 Birtaniya na da mashayu kimanin 60,000, zuwa 2024 sun koma kusan 45,000. Tsadar makamashi, haraji, araha a manyan kantuna da sauyin ɗabi'ar matasa sun haɗu sun matse su. Gyaran rufin gini mai shekara 400, wanda doka ta hana a sauya masa kama, kuɗi ne mai yawa. Daren farautar fatalwa a tsakiyar hunturu na cika ɗakunan da da sun kwana a rufe. Mutanen ƙasar na ƙaunar waɗannan gine-gine ƙwarai. Da aka rushe mashayar Carlton Tavern a Landan a 2015 ba tare da izini ba, hukuma ta tilasta a sake gina ta yadda take, aka buɗe a 2021. Da mashayar Crooked House ta ƙone a watan Agustan 2023 aka kuma rushe ta bayan kwana biyu, ƙasar duka ta ɗauki zafi. Idan labarin fatalwa ya riƙe rufin wani tsohon gini, ya yi wani amfani da ba za a musa ba.

Inda iyaka take

Amfanin nan yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce mutuncin mamaci na gaske. A mashayar Grenadier da ke Landan baƙi na manna takardun kuɗi na ƙasashe daban-daban a silin, wai don biyan bashin wani soja da aka ce an kashe saboda maguɗi a caca. Wannan wasa ne da bai cuci kowa ba. Amma dubi Ten Bells da ke Spitalfields, wadda ake dangantawa da Annie Chapman da Mary Jane Kelly, biyu daga cikin matalautan matan da aka yi wa kisan gilla a gabashin Landan a 1888. Daga 1976 zuwa 1988 an sauya wa mashayar suna zuwa laƙabin makashin, Jack the Ripper, har sai da masu fafutukar kare mata suka matsa aka mayar da tsohon sunan. Sun yi daidai. Mayar da azabar mutum hajar sayarwa zalunci ne na biyu a kansa.

Ga matafiyi Musulmi, ɗalibi ne a can ko ɗan kasuwa ko mai yawon buɗe ido, akwai abubuwa biyu da ya kamata ya rarrabe. Ta fuskar aƙida, mamaci yana barzahu, ba ya dawowa ya zaga ɗakunan da ya taɓa kwana. Aljanu halitta ce tabbatacciya, amma yarda da samuwarsu ba ta wajabta gaskata kowace ƙarar katako ba, balle wadda aka sa wa farashi. Zaman kiran ruhohi da allon haruffa da masu iƙirarin magana da matattu, waɗanda ake haɗawa cikin wasu dararen farauta, ɗan'uwan bokanci ne, nisantarsa ita ce daidai. Ta fuskar wuri kuma, hanin zama a teburin da ake shan giya sananne ne. Sai dai yawancin waɗannan gine-gine ana iya ganin tsarinsu daga titi ko tsakar gida, wasu kamar Jamaica Inn na da gidan tarihi, garuruwa irin su Rye da York kuma cike suke da gidajen tarihi da ke bayanin zamanin dalla-dalla. Mai son ilimi ba zai rasa ƙofar da ta dace da shi ba.

Duk wanda ya je, ya tafi da tambayoyi uku. Wace shekara masana suka tabbatar wa ginin, ban da wadda ke bango? A ina labarin ya fara bayyana, a takardar kotu ko a littafin hira? Su wane ne mutanen gaske da suka yi aiki, suka wahala, suka mutu a nan? Amsar ta uku ita ce mafi daraja, domin ita ke kai mutum ga yaran barga da ke tashi tsakar dare su sauya dawaki cikin ƙanƙara, da 'yan aikin da ke hawa bene da ruwan zafi, da baƙin da aka binne ba a san danginsu ba, da masu shaida irin Galley da Chater. Rashin sani ya fi dare duhu. Masu masaukan na da 'yancin neman abincinsu, amma haƙƙin waɗannan mutane ne a ba da labarinsu yadda ya faru, kuma baƙon da ya nemi a gaya masa gaskiya yana taimaka wa a biya wannan haƙƙi.